Tsutsa guda, hujja biyu

Aikin farko da aka damƙa mini a teburin labaran kimiyya shi ne in rubuta a kan mutanen da ke biyan kuɗi a daskarar da gawarsu, da fatan wata rana likitoci za su tashe su. Dariya na fara yi. Mu da ba ma son mamaci ya kwana ba a kai shi makwancinsa ba, ina mu ina mutumin da ke daskare tun 1967? James Bedford ke nan, malamin jami'a a Kalifoniya, wanda har yau gawarsa ke hannun ƙungiyar Alcor a jihar Arizona, cikin ruwan nitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

Dare ɗaya na gama rubutun, ba'a tun daga sama har ƙasa. Na sa farashi: wajen dala dubu 200 in jiki duka ne, dubu 80 in kai kaɗai za a ajiye. Na tono abin kunyar da ya faru a Chatsworth ta Kalifoniya, inda a 1979 aka tarar gawarwakin da aka karɓi amanarsu sun narke sun ruɓe. Na rufe da cewa ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin halittar jiki, don haka zancen banza ne.

Editana ya karanta, ya ɗora biro a kan layin ƙarshe. "Malam, ka tabbata har yanzu ƙanƙarar suke bari ta kama?" Na ce, "Yallaɓai, haka na gani." Ya miƙo mini takardar bai ƙara ko kalma ba.

Ashe an daɗe da sauya salo. Yanzu jini suke zuƙewa su ɗura sinadarin hana ƙanƙara, naman ya sandare kamar gilashi. Matsalolin suna nan, amma ba wadda na rubuta ba ce: sinadarin kansa yana da guba, babban sashen jiki yakan tsage cikin irin wannan sanyi, ga sa'o'in da ke wucewa bayan zuciya ta tsaya, ga kuma yadda za a ɗumama abin ba tare da ƙanƙarar ta dawo ba. Da rubutuna ya fita a haka, da magoya bayan abin sun kayar da ni da jimla ɗaya, su kuma shafa wa sauran gaskiyar da na faɗa kashin kaji.

Abin da ya fi wayar mini da kai muhawara ce ta 2015 a mujallar MIT Technology Review. Michael Hendricks, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar McGill ta Kanada, ya soki abin, ya kafa hujja da wata 'yar ƙaramar tsutsa mai suna C. elegans: ƙwayoyin jijiyarta 302 ne kacal, an zana taswirar haɗuwarsu tun 1986, amma taswirar ba ta isa a sake gina halin tsutsar ba, balle mutum. Ba a jima ba magoya baya suka mayar da martani a mujallar, da tsutsar dai. Masu bincike biyu, Natasha Vita-More da Daniel Barranco, sun saba wa tsutsotsin da wani ƙamshi, suka daskarar da su, suka farfaɗo da su, aka ga ba su manta ba. Gwajin na gaske ne. Sai dai tsawon tsutsar milimita ɗaya ne, kuma da ranta aka daskarar da ita.

Haka magoya bayan suke kafa hujja da ƙodar ɓera. A 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun ajiye ƙodoji har kwana 100, suka ɗumama su da ƙurar ƙarfe da maganaɗisu, suka dasa, suka yi aiki. Su masu binciken ma'ajiyar sassan dashe suke nema wa marasa lafiya, ba tayar da matattu ba.

In ka matsa wa magoya bayan, sai su ce wanda aka binne ba shi da sauran dama a wurin likita, to me aka rasa? Wannan amsar ce ta fi ba ni wahala, domin ba ta da wa'adi. Shekara ɗari ta wuce ba a tashi kowa ba, a ce lokaci ne bai yi ba.

Na sake rubutun sau uku. Na cire ba'ar, na ba tsutsa da ƙoda haƙƙinsu, sannan a sakin layi na biyu na rubuta cewa ba a taɓa farfaɗo da mutum ko wata dabba mai shayarwa sukutum daga wannan sanyi ba. Biron editan bai sauka a kan wannan layin ba.