Zaman da Muke Yi Kafin a Haƙa Harsashi

Ina da ɗan ƙaramin kamfanin gini a Garwa da ke arewacin Kamaru, kuma wani gida da muka gina wa wani ɗan kasuwa ne ya sauya mini salon aiki. Mai zane ya gama zanensa shi kaɗai a ofis ya miƙo mana, mu kuma muka bi shi sau da ƙafa: manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma, kwano ya kwanta dab da silin, bango kuwa na bulon siminti. Da Afrilu ya kama, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maigidan ya kira ni da la'asar ya ce, "Malam, taɓa bangon nan." Na ɗora tafin hannuna, na ji shi kamar tanderu. Dole ya ƙara na'urorin sanyaya ɗaki, alhali a wannan lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, wadda ke ba mu wutar lantarki, ke ja da baya, wuta ta yi ta ɗaukewa.

Tun daga ranar ba na yarda a haƙa harsashi sai mun zauna a filin gaba ɗaya, da maigida da uwargida, da mai zane, injiniya, birkila, kafinta da mai haɗa wuta, domin shawarar kowannensu tana taɓa aikin ɗan'uwansa. Idan kafinta ya ce a ɗaga kwano a bar sarari tsakaninsa da silin don iska ta kwashe zafi, kamar yadda mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, wajibi ne injiniya ya sake lissafin ƙarafunan da za su riƙe rufin idan guguwar farkon damina ta taso. Idan muka juya tagogi kudu da arewa, muka sa baranda, muka zaɓi tubalin ƙasa mai kauri wanda ke jinkirta shigar zafi, sai mai wuta ya rage lissafinsa, fanka ta wadatar, farantan sola da batura su ragu. Uwargida kuwa ita ta fi kowa sanin inda ya dace da kicin da kuma inda yara ke kwana da bazara, kuma ina takaicin shekarun da muka yi ba mu tambayarta.

Zaman yakan jinkirta aiki, wasu masu gida har sukan yi ƙorafi. A irin wannan hali nakan kai mutum wani gida da muka gama ta wannan hanya, da misalin ƙarfe uku na rana, in roƙe shi ya shiga ɗaki ya zauna fanka a kashe.