Yadda Muke Haɗa Man Shafawa Na Lubban Da Mur

Duk wanda ya buɗe murfin gwangwaninmu yakan fara da tambayar wane turare muka zuba, kuma amsar ita ce ba mu zuba ko ɗigo ɗaya ba. Ƙamshin na ƙaron itace ne, wato lubban da mur, waɗanda ake samu ta hanyar tsaga ɓawon bishiya a bar ruwanta ya tsatso, ya yi kamar mako biyu yana bushewa kafin a kankare shi. Lubban ɗinmu na yankin Dhofar ne a ƙasar Oman, musamman samfurin da ake kira Hojari, mur kuwa daga Somaliya da Habasha yake zuwa.

Maigidan da ya koya mini sana'ar bai bar ni na taɓa wuta ba sai da na yi watanni ina tsintar ƙaro. Yakan zube shi a kan farin ƙyalle, ya ce, "Yaro, ɗaga kowane ƙwaya ka duba shi a haske." Mai tsabta yakan fito garau, fari mai ɗan kore, wanda kuwa ɓawo da ƙasa suka maƙale masa sai a ware shi gefe. A wurinsa na koyi sanyaya ƙaro sosai kafin daka, domin da zarar ya ji ɗumi sai ya yi danƙo ya manne wa turmi. Garin muke zubawa cikin man zaitun, mu ɗora tukunyar a cikin wata mai ruwan zafi, ta yi sa'o'i ana juyawa a hankali. Wani sashe na ƙaron ba ya narkewa a mai, shi ne yake kwantawa a ƙasa, sai mu tace shi sau biyu da ƙyalle mai laushi. Daga nan kakin zuma yake shiga, wanda yake narkewa a digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Selsiyas. Har yau da sanyayyen cokali nake gwada kauri, kamar yadda na ga yana yi.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo, waɗanda suke ɗiga turaren kanti a cikin man jeli su rubuta "lubban" a jiki, sannan mai saye ya zo yana taya namu da farashin nasu. Wani dillali ma ya taɓa aiko mini da buhu wanda aka cakuɗa da ƙaron wata bishiya daban, na gane ne da na ɗora ƙwaya ɗaya a kan garwashi.

Masu saye kashi biyu ne. Akwai masu fama da bushewar fata da faso, waɗanda nake shawarta su fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, domin wata fatar ba ta jituwa da mur. Akwai kuma majami'u da suke karɓa don shafewa a wajen addu'a. Littafin Fitowa na cikin Littafi Mai Tsarki, sura ta 30, ya ambaci man keɓewa mai ɗauke da mur shekel 500 (wani tsohon ma'aunin nauyi), tare da kirfa da man zaitun, ya kuma hana a haɗa irinsa don amfanin yau da kullum, shi ya sa ba mu taɓa kiran namu da wannan suna ba. Haɗawa da tacewa ne aikinmu, sa albarka kuwa na shugabannin addini ne, kuma nasu gwangwanin mukan rufe shi da hatimin kaki kafin ya bar hannunmu.