Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Koyar da Ɗalibi Rubuta Kundin Bincike

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da aka fara ba ni ɗaliban ajin ƙarshe in duba musu kundi. Wannan aiki shi ya ci mafi yawan shekarun koyarwata a Kano, don haka yau zan ɗan jingine labarin kaina, in shimfiɗa muku yadda ake koyar da shi.

Kundin digirin farko ko na NCE (takardar shaidar malanta) bisa al'ada babi 5 ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazarin bayanai, sai kammalawa. Ɗalibi yakan ɗauka rubutu biyar aka ce ya yi ya kai a ɗinke. Alhali tambaya guda ce ake yi a babi na 1, a riƙe ta har babi na 5. Yawancin ɓarnar da ake gani a kundi, in an bi sawunta, daga tambayar nan ta faro.

Yaro zai shigo ofis da take irin "Matsalolin Kasuwanci a Jihar Kano". Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, shi kuwa zangon karatu biyu kawai yake da shi, ga darussa, ga kuɗin mota. Bai kamata malami ya ce masa bai yi ba kawai ya sallame shi. A zaunar da shi a tambaye shi: wace sana'a, a ina, su wane ne, daga yaushe zuwa yaushe? Da haka kasuwanci zai koma rini, jiha ta koma karofin Ƙofar Mata, tambayar kuma ta zama: ta yaya marina suke koya wa 'yan baya sana'ar, me kuma ya sauya cikin shekara 20? Wannan kam adaidaita sahu ɗaya zai kai shi wurin masu amsar. Ba a sa hannu a kan take sai ɗalibi ya iya rubuta tambayarsa a jimla ɗaya, ya kuma faɗi wanda amsar take hannunsa. Daga nan ya fitar da manufofi uku da ƙananan tambayoyi uku, kowace da abokiyarta. Wanda ya jero bakwai, rabinsu ba za su ga babi na 4 ba.

Babi na 2 ne inda ake shan wuya, a nan ne kuma satar fasaha take shigowa. Ni dai ban yarda duk mai kwafa ɓarawo ne ba. Da yawansu ba a taɓa nuna musu yadda ake karanta aikin wani ba. Ga yadda ake nuna musu. Ɗalibi ya sami littafin rubutu, ya raba shafi gida biyar: marubuci da shekara, abin da ya bincika, hanyar da ya bi, abin da ya gano, da abin da bai taɓo ba. Ya cike wannan a kan ayyuka kamar 15 zuwa 20, yana rubuta lambar shafi nan take, domin wanda ya ce sai daga baya zai koma neman shafi ba ya komawa. Sannan ya rufe littattafan duka ya yi rubutu daga teburinsa, jigo bayan jigo, yana nuna inda marubuta suka haɗu da inda suka saɓa. Jera "wane ya ce, wane ya ce" ba bita ba ne. Gida na biyar kuwa shi zai nuna giɓin da binciken zai cike.

Madogara ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya zauna a makarantar zaure: ya san ba a karɓar hadisi sai da isnadi. Sassa da yawa tsarin APA suke bi, wato sunan marubuci da shekara a cikin rubutu, a ƙara lambar shafi in an ɗauko maganarsa kai tsaye, a kuma ware ta a sakin layi nata in ta kai kalma 40. Sunayenmu sukan rikita ɗalibai, domin marubuci kan ƙare sunansa da sunan gari ko unguwa a wani aikin, a wani kuma ya bari. A bi yadda ya rubuta a jikin aikin da aka karanta. Duk sunan da ke cikin rubutu kuma ya fito a manazarta, wato jerin ayyukan da aka karanta da ke ƙarshen kundi, na manazarta ya fito a cikin rubutu. Yanzu manhajojin da ke yi wa mutum rubutu sukan ƙirƙiro littafin da babu shi, saboda haka a zaɓi uku daga manazartar a ce ɗalibi ya kawo shafin farko na kowanne.

Wuraren nema kuwa Kano ba ta rasa ba. Akwai laburaren Jami'ar Bayero da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. Mai nazarin siyasar NEPU da PRP ya nufi Gidan Mambayya a Gwammaja, mai tarihi da al'ada ya je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, takardun zamanin Turawa kuma suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

A babi na 3 hanya ce take bin tambaya. Mai binciken marina hira ta kama shi, ya nemi izini kafin ya naɗi murya, ya rubuta sunan wanda ya zanta da shi da shekarunsa da wuri da rana. Mai raba takardar tambayoyi sai ya nuna yadda ya sami adadinsa: da lissafin Taro Yamane na fitar da adadin waɗanda za a tambaya, cikin mutum 1,000, in an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, mutum 286 za a tambaya. Ya fara gwada takardar a kan mutum goma. A nan zai gane tambayar da ta haɗa abu biyu, irin "Shin baban rini yana da tsada kuma yana wuyar samu?", wadda amsar "e" ba ta warware ta. Takardar Turanci kuma ba a miƙa wa wanda Hausa ko ajami yake karantawa. A fassara masa.

Babi na 4, kowane tebur a biyo shi da bayani: me ya nuna, wace tambaya ya amsa, ya dace da abin da aka karanto a babi na 2 ko ya saɓa? Shawarwarin babi na 5 daga sakamako suke fitowa. "Gwamnati ta taimaka" ba ta shiga sai binciken ya nuna da me. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin kundin gaba ɗaya, shi ne ƙarshen rubutawa ko da yake a farko yake zama.

Malami ya riƙa karɓar aiki babi-babi. Ya gyara shafi ɗaya ko biyu sosai, ya bayyana dalilin kowane gyara, ya mayar wa ɗalibi ya gyara sauran da hannunsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɗakin kare kundi.