Abin da na gani a tantance cibiyoyin jarrabawar kwamfuta

A 2013 JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta Najeriya, ta fara jarrabawa ta kwamfuta, zuwa 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tun daga nan, babu cibiyar da za ta karɓi ɗalibai sai an tantance ta. Aikina kula da na'urori ne a wata makaranta, shi ya sa aka taɓa sa ni cikin ayarin masu dubawa.

Sharuɗɗan a rubuce suke: kwamfuta 250 masu aiki da wasu na ko-ta-kwana, duka a haɗe da juna ta wayar kebul, ga kyamarorin tsaro, ga janareta. Ƙirga waɗannan ba wuya, yaro ma zai iya.

Wahalar tana wani wuri. A wata cibiya mun tarar da komai fes, har da sabon fenti. Da na leƙa bayan wasu kwamfutocin sai ga tambarin wata makaranta an kankare shi. Aro aka yi don zuwanmu, muna juya baya za a mayar wa masu su. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tun daga ranar nake rubuta lambar jikin kowace na'ura, duk da ɓacin ran masu wuri da ke ganin ina cinye musu lokaci.

Sai gwajin da na fi amincewa da shi: a kunna duka a lokaci guda, kowace ta nemi tambayoyi daga babbar kwamfutar cibiyar, sannan in ce a yanke wuta ba tare da sanarwa ba. Nan ake gane batirin da ya mutu, da janaretan da sai an je neman mai makullinsa. Mai wuri zai ce, "Ranka ya daɗe, jiya lafiya lau yake." Wataƙila gaskiyarsa ne, amma ɗalibi ba jiya zai zauna ba.

Akwai kuma ƙofar shiga, wadda ba a cika damuwa da ita ba. Tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake rajista, kuma sai na'ura ta karɓi zanen yatsa kafin a shiga. Yatsan da noma ko wanki ya side yakan ba na'ura wuya. Don haka nakan sa mai gadi da mai shara su gwada nasu, in tambayi ma'aikata me za su yi idan ta ƙi. Cibiyar da ba ta da amsa, na rubuta a sake duba ta kafin jarrabawar gwaji.