Ruwan tanki ne ya cinye mini wahalar Ganoderma

Renon Ganoderma cikin biyoriyakta, wato tukunyar renon ƙwayoyin halitta, bai ba ni wahalar da aka yi ta tsorata ni da ita ba. Wannan naman kaza da mutanen Sin ke kira lingzhi, idan a kan itace ne sai an yi watanni ana jira, amma cikin ruwan sukari zarensa kan cika tukunya a mako biyu ko ƙasa da haka. Zafin digiri 28 zuwa 30 yake so, mu kuwa a Damagaram Afrilu na haura 40, don haka sanyaya tukunyar ne babban aiki, kuma na shawo kansa. Zaren ya dunƙule ƙanana-ƙanana, fari tas, yana yawo cikin ruwan kamar ƙwayar gero.

Na tatso beta-gulukan, sinadarin da ke cikin zaren wanda ake sa ran zai motsa garkuwar jiki, da ruwan zafi, na kwantar da shi da alkol, na aika wa wani abokin aiki da ke da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj a ɗakin gwajinsa. Sakamakon farko ya sa na kasa barci don murna: ƙwayoyin sun zuba TNF-alfa da yawa, alamar garkuwar jiki ta motsa. Sai ya ce, "Malam, dakata tukuna," ya ƙara polimiksin B, maganin da ke ɗaure endotoksin, wato gubar da ke ɓawon wasu bakteriya. Mafi yawan motsin ya faɗi.

Ashe ruwa ne. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan da ke zaune kan dutse: famfo ya yanke, a saya wurin 'yan garuwa, a tara a tanki, ya kwana biyu cikin zafi. Bakteriya na hayayyafa a ciki. Tukunyar turara mai matsi a digiri 121 tana kashe su, shi ya sa ko sau ɗaya rainon bai lalace ba, amma endotoksin da ke ɓawonsu ba ya jin wannan zafi. Ya bi ruwan, ya bi kwalabe, alkol ya kwantar da shi tare da beta-gulukan ɗin. A jikin makrofaj, endotoksin ta ƙofar da ake kira TLR4 yake shiga, beta-gulukan ta wadda ake kira Dektin-1, amma kukan da makrofaj ke yi kusan iri ɗaya ne, kuma ɗan mitsitsin endotoksin ya isa.

Har yau abin na ci mini rai, domin tukunyar tana da tsabta, ba wari, ba koren funfuna, ba abin da ido zai gani. Sukari, alkol, man janareta, duk sun tafi a kan ruwan tanki.

Yanzu ruwan allura na kemis nake saya don tatsa, kwalabe kuwa sai sun sha busasshen zafi na digiri 250 na minti 30, kuma ba na karanta sakamako sai da gwajin polimiksin B a gefe. Shi ya sa nake jin zafin masu tallar garin naman kaza a leda suna cewa yana ƙara garkuwar jiki. Ko lentinan, beta-gulukan na naman kazar shitake, da Japan ta amince da shi a 1985, tare da maganin kansar ciki ake ba da shi, ba a madadinsa ba.

Zubi na biyu motsin bai kai na farko ba ko kusa, amma da aka ƙara polimiksin B bai sauka ba.