Aikin ƙaba bai kai awa guda ba, amma buhu sai bayan mako 6

Manomin da duk za a yi wa aikin ƙaba, kafin ya tambayi kuɗi, ya fara tambayar likita yaushe zai sake ɗaukar buhu. Ni sai ranar sallama na ji amsar, daga bakin wata nas da ke cike takarda, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Baba, ban da ɗaukar kaya mai nauyi har mako 6." A lokacin shinkafata ta rani a fadamar Argungu ta riga ta sunkuya, tsuntsaye sun fara sauka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tawa ta matsematsin dama ce. In na tsaya ko na yi tari ta fito, in na kwanta na danna ta koma tana ƙugi. Likitan da ya duba ni ya ce ƙofa ce ta buɗe a bangon ciki, hanji ke leƙowa ta wurin, kuma babu jiƙo ko ɗaurin ƙugu da zai rufe ta sai aiki. Wannan duk mai ƙaba ya sani, ko da yana ɓoyewa a cikin babbar riga.

Abin da ban zata ba shi ne tambayoyinsa. Ƙabar ko minti biyu bai yi a kanta ba, sai ya koma kan wasu abubuwa. Kana tari? Kana shan sigari? In za ka yi fitsari sai ka yi yunƙuri? Bayan gida fa, da tauri? Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, ni fa ƙaba ta kawo ni." Ya yi dariya ya ce, "Malam, duk abin da ke sa ka yunƙuri shi zai tura ɗinkin da zan yi. In ban gyara waɗannan ba, za ka dawo." Ya sa na zazzage ledar magungunana a kan teburinsa, har da ƙullin sassaƙen da nake sha, ya ware asfirin gefe ya ce shi zai faɗa mini yadda zan yi da shi, don yana hana jini saurin tsayawa. Aka auna yawan jini da suga, aka samu hawan jini, ga kuma tarin da hunturu ya bar mini. Sai ya ɗaga aikin har su lafa.

Ban ga laifinsa a nan ba. Amma ɗagawar nan ce ta jefa ranar aikin a bakin girbi, kuma duk zaman da muka yi babu wanda ya ce mini akwai hutun dole a gaba. An gaya mini in daina cin abinci awa 6 kafin a shiga da ni. An gaya mini allurar baya za a yi, ƙafafuna su mutu, idona biyu. An nuna mini irin ragar da za a shimfiɗa a ciki don ta ƙarfafa wurin, wadda ke rage yiwuwar dawowar ƙabar. Na sa hannu a takarda. Buhu kuwa, shiru. Wataƙila sun ɗauka kowa a ofis yake aiki, tunda mai zaman kujera yakan koma bakin aikinsa cikin mako 1 ko 2.

Aikin kansa babu abin labari. Ina jin hirarsu har aka gama, da na yi fitsari na taka da ƙafata aka fara maganar gida.

A gida ne na gane yawan abin da ake kira nauyi. Jan igiyar injin ban-ruwa nauyi ne. Buga mashin nauyi ne, balle a hau shi a kan ramukan hanyar fadama. Jawo guga daga rijiya nauyi ne. Jikana ya rugo zai haye mini, sai da uwargida ta tare shi. In atishawa ta taso sai in rarumo matashi in danne wurin tukuna. Salla a zaune na yi ta a kwanakin farko. Tafiya a hankali ita kam an ce in yi ta kullum. 'Ya'yan maraina sun ɗan kumbura sun yi duhu, na tsorata, likita ya ce hakan yana faruwa kuma zai saɓe. Abin da ya ce in dawo a kansa da gudu shi ne zazzaɓi, ko ciwon ya yi ja yana fitar da mugunya.

Girbi kuwa a gindin bishiya na yi shi, kamar baƙo a gonata. 'Yan ƙwadago suka yanka, suka buga, suka ɗura shanshera a buhu, ina kallon tsaba tana zuba a ƙasa babu halin in sunkuya. Babban ɗana yana ta cewa, "Baba, don Allah ka zauna." Kuɗin da na biya su ya kusa kamo na asibitin.

Da na sani da na roƙi a kai ranar bayan an kai amfani gida, tunda tawa tana komawa. Amma wannan shawara ce ta likita, ba ta mai gona ba. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ba bayan gida ba tusa, hanji ne ya maƙale, kuma hanjin yana iya mutuwa cikin awoyi. Wannan ko tsakiyar dare ne a nemi mota, ko Birnin Kebbi ne a tafi.

Ƙanena ma yana da ita, ta hagu. Ni na raka shi, kuma tun kafin ya gama gaisuwa na ce, "Likita, mai dakon albasa ne a Aliero, yaushe zai koma ɗaukar buhu?" Wannan likitan ya ce mako 4 zuwa 6, ya danganta da yadda wurin ya warke. Aka sa masa rana bayan kakar albasa, da sharaɗin ya ajiye sigari aƙalla wata guda kafin lokacin, wanda a kansa muke ta fama da shi yanzu.