Sun faɗa mana, amma ba a kai maganarsu sama ba

Na bar aikin laburaren jami'a bayan shekaru a sashen hidimar masu karatu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken jin ra'ayi da muka yi, da abin da aka yi da sakamakonsa.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin aro ya san mun iya ƙidaya: mutum nawa suka shigo, littafi nawa aka ara, nawa aka sayo a shekara. Wanda ya shigo ya fita hannu rabbana kuwa ba ya cikin lissafinmu. Akwatin shawarwari na nan a bakin ƙofa, amma makullinsa yana aljihun teburin oga, ban taɓa ganin an buɗe shi ba. Shi ya sa na nemi izini mu tambayi mutane kai tsaye.

Na ari dabarar LibQUAL+, tsarin da ƙungiyar manyan laburaren bincike ta Amurka da Kanada ta ɓullo da shi tare da Jami'ar Texas A&M wajajen shekarar 2000. Manyan tambayoyinsa 22 ne, sun shafi abu uku: mu'amalar ma'aikata, sauƙin samun bayanai, da kuma ginin kansa a matsayin wurin karatu. A kowace tambaya mutum zai ba da maki sau uku, daga 1 zuwa 9: mafi ƙarancin abin da zai lamunta, abin da yake buri, da abin da yake gani a zahiri. Idan makin ƙarshe ya gaza na farko, magana ta ƙare, hidimar ba ta kai ko abin da za a yi haƙuri da shi ba. Ba mu da kuɗin shiga shirin kansa, sai muka tsara namu tambayoyin a kan wannan ma'aunin, muka bar fili a ƙasa don mutum ya rubuta abin da ke ransa.

Filin nan ne ya fi komai amfani. Ɗalibai sun koka da rufe ƙofa da wuri a lokacin jarrabawa, da littafi kwafi ɗaya da aji guda ke rububi a kansa, da soket-soket da suka mutu. Malamai sun roƙi a sayo mujallun ilimi da muke da su tuntuni ta rumbunan mujallu na intanet, Hinari da AGORA, kalmar sirrin shiga ce kawai ba ta taɓa isa tsangayoyinsu ba. Wata ɗaliba ta rubuta cewa ba ta neman komai sai a ɗago kai a dube ta idan ta yi tambaya. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don na san teburin da take nufi.

Na haɗa rahoto na kai. Lokacin ana shirin zuwan masu tantance kwasa-kwasai, kowa na goge-goge. Oga ya karanta a tsaye, ya ajiye, ya ce, "Malam, tona mana asiri kake so ka yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibai sun riga sun sani, mu kaɗai ne ba mu sani ba." Bai sake cewa uffan ba. Ranar taron kwamitin laburare, rahoton da aka raba babu shafin mu'amalar ma'aikata, babu na lokacin rufewa, babu sunana. Abin da ya rage shi ne yabon da aka yi wa sabon zauren karatu, aka tafa masa. Ba a jima ba na samu takardar canjin wurin aiki zuwa sashen ɗaure littattafai, wai ana buƙatar mai haƙuri a can.

Canjin bai yi mini ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Da aka sake raba takardun tambayoyi a shekara mai zuwa, yawancinsu fanko suka dawo. Waɗanda na tsayar a hanya amsa ɗaya suka ba ni: mun faɗa bara, me aka yi? Suna da gaskiya. Mutumin da ka tambaya ya ɓata lokacinsa ya amsa, bashi yake binka, ko da amsar ita ce babu kuɗi a bana. Gara ka ƙyale shi da ka tambaye shi ka yi shiru, don karo na biyu ba zai buɗe baki ba.

Abin da ba ya buƙatar sa hannun kowa, na yi shi. Na bi tsangayoyi ɗaya bayan ɗaya na nuna wa malamai yadda ake shiga rumbunan mujallu, kuma har yau wasu na kirana idan sun maƙale.

Sauran darussan gajeru ne. A tambayi waɗanda ba sa zuwa laburare, su ne ke riƙe da amsar da ta fi ɗaci. Kada a cakuɗa amsar ɗan aji ɗaya da ta mai digiri na uku. A samu izinin bayyana sakamako a rubuce tun kafin a raba takarda ko ɗaya.

Cikakken rahoton, har da shafukan da aka cire, na damƙa shi ga wanda ya gaje ni. Lokacin rufe ƙofa a makon jarrabawa kuwa har na tafi ba a ƙara masa ko minti ɗaya ba.